Wutar Baƙi a Gawon Nama

Ran Alhamis sunka zo rumfata su biyu,
wani dogo ja, rana ta toye mai wuya,
wani baƙi kamar ni, da gilashi a goshi.
Ba tsoka sunka fara tambaya ba.
Hanji.
Hanjin rago, a wanke, kar a yanka, kar a huda.
Shekara talatin ina fawa,
ban ga mai mota ya roƙi hanji da ladabi haka ba.

Ran Asabar na kai kaya Gawon Nama,
rana ta gama cizo, tana lasar baki.
Na sauke buhun gawayi, Riyan ya girgiza kai:
itace yake so, na bagaruwa, mai ƙaya,
wai shi ne ƙamshin gida in la'asar ta yi sanyi.

"Zauna, Malam Altine,"
da Hausar da ya tsinta a bakin leburori.
Ni? In zauna?
Jikan mahauta, da hayaƙi ya cinye wa gira tun ƙuruciya,
in kama kujerar roba da kwalbar lemo
ina kallon wani na juya nama?
Na zauna.
Baƙo a gidan baƙi, cikin garin da aka binne cibiyata.

Hanjina ya koma gammo,
an ɗura mai niƙaƙƙen nama da kanumfari
da wani iri da hancina bai san sunansa ba.
Kitse ya ɗiga, wuta ta yi tsaki,
kowa ya yi shiru
awa an ambaci wanda ya rasu bara.

Su sha ɗaya na ƙirga, harsuna sun fi biyar,
har da mai ƙara a tsakiyar kalma kamar ana ɓare goro.
Nomvula, malamar asibiti,
na tuƙa tuwon masara da muciyar aro,
fari, mai tauri, babu miyar kuka,
tana faɗa da tukunya da yaren uwarta.

Ina saurayi rediyon babana ta ce
ƙasarsu an raba benci, an raba famfo, har maƙabarta.
Ban tambaya ba.
Na dai ga hannu fari da baƙi a faranti ɗaya,
na kuma ga dattijo Kagiso ya ja kujera baya kaɗan
da hira ta karkata wajen gona da mai gona.
Nama bai warkar da miki,
sai dai ya ba baki wani aiki.

Da aka kira magariba, Faizal ya nemi buta.
Kakanninsa, in ji shi, ta jirgin ruwa sunka je can, a ɗaure.
Munka yi sahu mu biyu bayan janareto,
kafaɗarsa na warin hayaƙi irin tawa.

Sannan na zaro ƙullin yaji daga aljihu,
don mahauci bai zuwa wuta hannu sake.
Riyan ya dangwala, ya yi tari, ya nemi ruwa,
Nomvula ta yi dariya har hawaye,
dariya ta ƙare, hawaye bai ƙare ba.
Tac ce hayaƙi ne.
Iska kuwa ta daɗe da kai hayaƙin gidan maƙwabta.

Lawalina na Tamanrasat, bana ta uku,
yana ɗora bulo a kan bulo.
Ko wa ke sayar mai da nama?
Ko yana roƙon wani abu maras daraja da ladabi,
mai rumfa na mamaki?

A hanya na tsai da babur na kira shi.
Ba ta shiga ba. Na sake. Ba ta shiga ba.
Ragowar gammon nan na cikin takarda, da ɗuminta,
tana ɗumama min cinya har Runjin Sambo.

Uwar Lawali ta shinshina rigata tac ce,
"Wannan ba wutarka ba ce."
Na ce a'a.
Na miƙa mata takardar, na shiga neman caja.